Da Sauƙin Hajiya

Na manta abubuwa da yawa na zamana a Kuala Lumpur, har lambar gidan da muka zauna sai na yi tunani kafin ta faɗo mini. Amma ranar da wata mata ta ƙi taɓa surukata, ta sallame mu daga ɗakin aikinta a unguwar Sri Petaling, wannan ko na so mantawa ba za ta mantu ba. Ni ce da laifi a ciki, kuma har yau ina ganin sakamakon da idona.

Lokacin ina shekarar ƙarshe ta digirina na uku. Rubutu ya hana ni barci, wuyana da kafaɗuna sun ƙage, ga yara biyu a gida. Wata abokiyar karatuna 'yar ƙasar ta ba ni labarin wata mata mai aikin ɗora hannu. Masu wannan sana'a cewa suke akwai wani ƙarfi da ke zagayawa a jikin mutum, idan ya cushe sai mutum ya ji ba daɗi, su kuma sai su sa tafin hannu a jikinsa, ko sama da jikin kaɗan, su yi shiru. Ba allura, ba ƙwaya, ba jiƙo. Da farko na yi ɗari-ɗari, na ce kar in je in faɗa tsafi. Da na je na tambaye ta ba kwana-kwana, sai ta ce ba ta kiran kowa, ba ta karanta komai, in ina so in yi ta addu'ata a zuci. Na kwanta ina salati, barci ya kwashe ni. Har yau ban sani ba ko hannunta ne, ko kuwa samun awa guda ba mai kiran sunana ne, amma dai na tashi wasai.

Madam muke ce mata. Dattijuwa ce gajera, 'yar asalin China, ɗakinta na saman wani shagon burodi. Kafin ta fara wa mutum aiki sai ta ba shi takarda ya sa hannu. A ciki ta rubuta cewa ita ba likita ba ce, ba ta faɗin sunan cuta, ba ta alkawarin warkewa, kuma kada kowa ya ajiye maganin asibiti saboda ita. Na sa hannu a gurguje, na ɗauka irin rubuce-rubucen nan ne da ake yi don cika ƙa'ida.

To ni akwai iyayi. In abu ya yi mini daɗi sai kowa ya ji. Ba matar ɗalibin da ban yi wa tallar Madam ba, har maigidana yana tsokanata wai na bar karatu na koma kamfen.

Ana cikin haka mahaifiyarsa ta zo mana ziyara daga Kano. Hajiya tana da hawan jini, ta zo da ƙwayoyinta a ƙulle cikin leda. Ba ta daɗe ba maigidan ya tafi wata jiha tattara bayanan bincikensa, ya bar mini amanarta. Kwana biyu da tafiyarsa ta fara riƙe ƙeya. Na ce mu je asibiti, ta ce ita ba ta zo garin mutane don ta kwanta a gadon asibiti ba. Maimakon in nace, sai na ga dama ta samu. Zan kai ta wurin Madam ta warke, a ce matar ɗanta ce ta samo mata magani. Gaskiyar magana ke nan, ina son yabo.

Hajiya ba ta jin Turanci ko kaɗan, don haka ni ce tafinta. Takardar nan ma ni na karanta, na taƙaita mata da cewa ai ta yarda a yi mata aiki ne, ta dangwala hannu. Ɗabi'ar Madam kuwa ta burge ta. Ba ta kai hannu ko'ina sai ta nuna wurin ta ce, "Boleh?" wato ko an yarda. Hajiya ta haddace kalmar, takan amsa da "boleh" tana dariya. A gida ma in zan zuba mata shayi sai ta ce mini boleh.

Duk zuwa, Madam sai ta tambayi yadda jikin yake, kafin a fara da kuma bayan an gama. Ni kuma in juya in ce, "Hajiya, wai yaya jikin?"

"Da sauƙi."

Sai in ce wa Madam da Turanci, Hajiya ta ce ta samu sauƙi. Madam ta rubuta a ɗan littafinta.

Duk Bahaushe ya san abin da na yi. Mu in an tambayi mara lafiya, ko numfashi yake ja da ƙyar da sauƙi zai ce. Haƙuri ne da godiya ga Allah, ba rahoton jiki ba ne. Na san haka tun ina yarinya. Amma na ɗauki kalmar na miƙa wa baƙuwar da ba ta san mu ba a matsayin sakamako, domin abin da nake son ji ke nan.

Bayan zuwanmu na biyu, ina gyaran ɗakin Hajiya na ga ledar maganin yadda take, ba abin da ya ragu. Na ce, "Hajiya, kun daina shan maganin ne?"

Ta ce, "Ai ba a haɗa magani biyu, 'yar nan. Bari mu ga na matar nan tukuna."

Na ƙyale ta. Suruka ce, ina jin nauyinta, ban saba musu da ita ba. Haka na riƙa gaya wa kaina. Amma akwai wani dalilin, in na tilasta mata komawa kan ƙwaya kuma ta warke, ba za a san na wa ne ya yi aiki ba. Na mayar da ledar inda na gan ta, kuma ban faɗa wa Madam ba.

Ranar zuwanmu na huɗu, da safe kofi ya suɓuce wa Hajiya ya fashe, ta ce santsi ne. Wajen ƙarfe goma muka isa. A matakalar benen sau biyu tana tsayawa ta dafa bango. Muka zauna, Madam ta yi tambayarta, Hajiya ta ba da amsarta, na fassara yadda na saba. Sai Madam ba ta rubuta ba. Ta buɗe shafin baya, ta karanto a hankali, harafi-harafi, "Da sau ki. Me wannan yake nufi?"

Na ce ta samu sauƙi.

Ta ce, "Ranar farko ma wannan ta faɗa, tun ban yi mata komai ba. Na rubuta yadda na ji. Sauƙin me ta samu a lokacin?"

Nan na sha jinin jikina. Na fara kame-kame, ina cewa ai al'adarmu ce, haka muke amsawa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce daga yanzu tana roƙona in faɗi abin da ta ce kawai, kar in ƙara kar in rage. Ta ja kujerarta gaban Hajiya, ta ɗaga yatsunta goma. Ta ce yatsa ɗaya ciwo kaɗan ne, goma kuwa ciwon da ba ta taɓa jin irinsa ba, Hajiya ta nuna mata na yau.

Hajiya ta dube ni, ta dubi ƙasa. Can ta ɗaga hannun dama gaba ɗaya, sannan ta ɗago na hagu, yatsun suna buɗewa da ƙyar, ɗaya bayan ɗaya, har huɗu. Tara ke nan. Bakinta kuma yana cewa, "Da sauƙi dai, alhamdu lillahi."

Madam ta daɗe tana kallon hannun hagun nan. Ta ce in tambaye ta ko tana shan maganinta. Ban tambaya ba, na faɗi gaskiya da kaina, na ce yau kwana tara rabonta da shi, kuma na sani. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Rufe littafin kawai ta yi ta ce, "Yau ba zan taɓa ta ba. Asibiti za ku, yanzu."

Ni da rashin ta-ido na ce tunda mun riga mun hawo, ta yi mata ko na minti goma ne, daga nan sai mu wuce.

Ta ce, "Cannot lah, ba zai yiwu ba. In na kwantar da ita ta ɗan ji daɗi, gida za ku koma. Ni kuma ba na son ku koma gida. Ban san abin da ke damunta ba, kuma ba aikina ba ne in sani. Abin da na sani shi ne wannan ya wuce ni."

Ta yagi takarda ta rubuta ranakun da muka zo da abin da ta yi, ta ce in ba likita. Ta kira mana mota a wayarta, ta ce wa Hajiya "Boleh?" sannan ta riƙe mata hannu har ƙasa. A mota raina a ɓace yake, wai an kore mu gaban surukata. Kunya ce ta koma mini fushi, ban gane haka ba sai daga baya.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta auna jinin sau biyu, ta tafi ta turo kujera mai taya. Daga baya likita ya ce mini shanyewar ɓarin jiki ce ta riga ta fara, da mun ƙara kwana a gida da maganar ta sha bamban. Na miƙa masa takardar Madam, ya karanta, ya ce wadda ta turo ku ta yi daidai. Kwana shida Hajiya ta yi a kwance a gadon da ta ce ba shi ya kawo ta ba.

Maigidan ya dawo washegarin ranar da aka kwantar da ita. A barandar asibitin na gaya masa komai, har maganar ledar. Na shirya wa faɗa. Sai ya ce, "Kullum ina kiranta, kullum da sauƙi take ce mini. Ni ma I just accepted it, na koma kan aikina." Ban ji sanyi da ya faɗi haka ba, domin shi a waya ya ji, ni kuwa ledar na riƙe a hannuna.

Bayan an sallami Hajiya na koma wurin Madam don in yi godiya. Ba ta karɓi godiyar duka ba. Ta ce ita ma ta yi sakaci, sau uku tana aiki a kan maganar da ba daga bakin mai jikin ta fahimta ba, kuma ba ta tabbatar an karanta mata takardar yadda take ba. Ta ce daga ranar, duk wanda ya zo da tafinta da yatsu za ta fara. Abokiyar tawa da ta haɗa mu kuwa, ko da wasa ba ta ji labarin daga bakin Madam ba, sai da ni na ba ta.

Hajiya ta tashi, tana tafiya, tana magana. Amma hannun hagun bai dawo daidai ba. Ba ta iya ɗaura ɗankwali da kanta, in na je gaishe ta a Kano ni nake ɗaura mata. Ba ta taɓa ce mini ni na jawo ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Abin da na koya shi ne, mai riƙe da lafiyar mutane ba a gane amanarsa a ranar da aikinsa ya yi daɗi, sai ranar da ya kamata ya janye hannu ya ce wannan ba nawa ba ne. Matar nan ta san iyakarta, ni mai dogon karatu ban san tawa ba. Kuma wanda ya tsaya tsakanin mara lafiya da mai duba shi, shi ma amana ce a wuyansa. Yanzu in na je dubiya aka ce mini da sauƙi, nakan ce Allah ya ƙara sauƙi, domin gaisuwa ce. Sannan in gyara zama in tambaya ina ne yake ciwo, kuma yaushe rabon da a sha magani.