Hotunan da kawu ya ƙi gogewa

Da aka rufe ramin haƙar ma'adinai da kawuna ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran injuna, sai ya buɗe garaji a bakin hanyar Agadez. Abin da yake taƙama da shi wata manhaja ce mai karanta ciwon manyan motoci. Tsohuwa ce tukuf, ba ta shiri da sabbin kwamfutoci, don haka na gina mata ɗaki a cikin kwamfutar teburinsa, wato kwamfuta a cikin kwamfuta. Tun daga ranar yake kirana injiniya, rabi yabo rabi zolaya.

Wata ranar bazara ya aiko mai kabu-kabu ya ɗauko ni daga buro, wurin aikina. Na tarar da motar ruwa mai zuwa Tchibarakaten, inda ake tonon zinariya, tsaye, direbanta, wani Buzu mai haƙuri, ya kafa butar shayi a ƙarƙashinta. Shi ne babban direba na farko da ya yarda da kawu, kuma abin da ya faɗa a tasha shi sauran za su ɗauka. Ga waya an jona a mota, ga manhaja ta sandare. In ka motsa linzamin kwamfuta, sai ka sha shayi ka dawo kafin kibiyar ta yi tunani.

Kawu ya riga ya yanke hukunci cewa zafi ne. Ya buɗe cikin kwamfutar, ya kafa mata fanka, ya rataya jiƙaƙƙen buhu a taga kamar mai jinyar zazzaɓi. Shi kuwa gumi har gwiwar hannu. Na duba rabon ƙwaƙwalwar kwamfutar, lafiya lau. Na kashe na kunna, ta tashi da ƙyar ta sake kwanciya. Sai na leƙa rumbun ajiya, na ga ya cika maƙil.

Ashe laifin koyarwar rami ne. A can ba a taɓa inji sai an kulle shi an tabbatar da hanyar komawa. Ni kuma na taɓa nuna masa yadda ake ɗaukar hoton halin da kwamfutar ciki take, don in abu ya ɓaci a koma can. Kawu ya mai da shi farilla. Kafin ya jona mota hoto, bayan ya cire hoto, zai tafi azahar hoto. Kowane hoto yana jingine da na bayansa, baiwar Allah sai ta bi su kaf kafin ta amsa tambaya guda.

Na ce sai an goge. Ya ce a sayo wata fanka. Raina ya ɓaci, na ce to ya haɗa mata da ƙanƙara da lemo. Direba ya miƙo mana shayi ya ce shi ba ya sauri, amma masu tonon zinariya ba su san haƙurin ƙishirwa ba.

Kawu ya ja kujera kusa da ni, ya rage murya.

“Ƴata, a can ƙasa in na yi kuskure akwai mutane a bayana. Nan kuwa in na ɓata, wa zai mai da ni?”

Tausayinsa ya kama ni, har na ji kunyar maganar ƙanƙarar. Na ce za mu kwafe komai a wani diski ya ajiye a gida, mu bar hoto guda, sauran a haɗe su. Sai ya ture hannuna ya danna da kansa.

Kafin la'asar manhaja ta warware, ta nuna ciwon yana wajen famfon mai. Kawu ya shige ƙarƙashin mota yana ba direba umarni da murya irin ta dā. Da injin ya tashi bai ko dubi kwamfutar ba. Ya tsaya da baƙin mai a hannu yana saurare, har motar ta fice daga gari.