Kwandon Banda a Ofishin Lauya

Da autana ya gama karatun lauya, abokansa duk Abuja suka nufa. Shi ya dawo Yelwa, ya ce ba zai bar ni ni kaɗai ba tunda ubansa ya rasu. Ya kama shago kusa da kotu, ya sa tebur da kujeru da fanka, aka rubuta allo aka kafa. Ban iya karanta allon ba, amma kullum in zan tafi kasuwa sai na bi ta nan na duba ko ya karkace.

Mutane sun zo, ba za a ce ba su zo ba. Masunta daga tsibirai, manoma daga wajen Ngaski, masu rigimar gona da ta wurin jefa taru. Sai dai mutanenmu sun ɗauki lauya kamar mai taru, sai kifi ya fito ake rabo. In ya yi maganar man babur, sai su ce, haba ɗan Inna, bari ruwa ya janye. In ruwa ya janye, sai ga mutum da kwandon banda a ka, ya dire a bakin ƙofa, ya durƙusa ya yi godiya, ya tafi. A wurinsa ya biya.

Ni ke sayar masa da kifin. Sana'ata ce tun ina budurwa, ba mai cuta ta a ciniki, saboda haka na fi shi sanin abin da aikinsa ke kawowa. Shari'ar da ya yi damina guda yana zaryar Birnin Kebbi a kanta, na sayar da ladanta kafin azahar, bai rufe kuɗin mota ba.

Baƙar rigarsa ta kotu a ofis take rataye, wuri ɗaya da kwandunan. Wata rana wani lauyan birni ya shinshina ta a gaban mutane, ya ce, “Barista, yau tarwaɗa ce ta kawo ƙara ko ragon ruwa?” Da dariya ya ba ni labarin. Ni ban dara ba. Na karɓi rigar na shanya, na turara ta. Ƙaurin bai fita ba.

Shi ma da nasa halin. Wasu wa da ƙane suka zo daga Wara kan fadamar gado. Ya zaunar da su wuni guda, ya sasanta su. Suka tafi suna sa masa albarka, wai tunda ba a shiga kotu ba, babu abin biya. Na ce masa, wane irin masunci ne ke sakin kifi bayan ya shiga taru?

“Inna, uwarsu ɗaya,” in ji shi. “In na kai su kotu, fadamar za su sayar su biya ni.”

Na ƙyale shi, ba don na yarda ba.

Mai shago kuwa ba ya karɓar banda, masu sabunta lasisi ma haka. Ga matarsa da tsohon ciki. Wani abokinsa ya kira shi Abuja, wai ya je ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Ɗana ya zo ya tsuguna a gabana bayan la'asar, yana ta jan zaren tabarma. Ni na faɗa masa.

“Tashi ka tafi. Ban haife ka don ka yi gadina ba.”

Shagon yanzu wayar hannu ake sayarwa. Allon yana ƙarƙashin gadona.

Bayan tafiyarsa wata mata ta zo daga hayin ruwa da kwandon banda a ka, mijinta ya rasu, ɗana ne ya ƙwato wa marayunta jirgin ubansu daga hannun dangi. Ta je shagon, aka kwatanta mata gidana. Na ce ta mayar wa yara da kifinta, mai shi ba ya nan. Ta ce ba za ta koma da haƙƙin mutum a ka ba. Ta dire, ta durƙusa, ta tafi.

Wannan kwandon ban kai shi kasuwa ba. Na san abin da za a taya.