Sifikata da Shinkafar Inna

Har yau idan na ji wani dattijo yana cewa waƙa ce ta lalata yaran zamani, shinkafar Inna nake tunowa, sai raina ya ɓaci sabo fil.

Shekarata goma sha tara a lokacin. Babanmu ya rasu ya bar mana 'yar gona ɗaya a fadama, ta hanyar Kafin Hausa, kuma da ita muke ci. Duk manomin shinkafa a wajenmu ya san jan-baki, ƙananan tsuntsayen nan da ke kwana cikin ciyawar kacala su taso dubbai da sassafe da kuma la'asar. Da shinkafa ta fara nono sai an tsare ta, ana jan igiya mai gwangwanaye, ana ihu har murya ta dushe. Masu 'ya'ya da yawa karɓa-karɓa suke yi. Inna kuwa ni kaɗai gare ta, ga ta da ciwon gwiwa.

Sai na yi dabara. Ina da wata sifika mai caji cike da waƙoƙin soyayya. Nakan rataye ta a sanda a ƙarshen gona in ƙure mata murya, ni kuma in tsare ɗaya ƙarshen. Tsuntsu ya zo ya yi shawagi ya wuce.

A shekarar ce aka kafa kwamitin gyaran tarbiyya a unguwarmu, saboda wani bidiyon rawar biki da ya zaga wayoyi. Aka hana kiɗa, aka shiga duba askin samari. Shugaban kwamitin wani Alhaji ne da gonarsa ke jikin tamu. Wata la'asar sai ga shi a kan kunyar gona, ya naɗe ƙafar wando.

"Kai yaro, kashe wannan shaiɗancin!"

"Baba, tsuntsu nake kora."

"Iyayenmu da bakinsu suka kore shi."

Na ce to zan cire waƙoƙin in sa wa'azi. Ya zaro ido. "Da wa'azi za ka kori tsuntsu? Kai ba ka da kunya ne?" Ya kwance sifikar ya rataya a kafaɗa ya tafi.

Inna ta ja ƙafarta har ƙofar gidansa ta durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo. "Alhaji, don Allah a bar masa ita. Kwana goma ya rage a yanke." Ya ce irin wannan goyon bayan na iyaye mata ne ke ɓata tarbiyya.

Kwana goman nan na yi su ne ina gudu cikin taɓo. In kora nan, su sauka can. A rana ta huɗu muryata ta ɗauke gaba ɗaya, sai dai in buga gwangwani ina kallonsu suna tsotse gonar. Da muka yi bugu, abin da ya fita bai kai mu ko tsakiyar rani ba. Inna ba ta yi kuka ba, ta dai daɗe tana murza ƙaiƙayi a tafin hannu. Shi kuwa Alhaji a ƙofar masallaci ya ce wa jama'a, ai duk gonar da aka saka wa kiɗa albarka ba ta zama cikinta. Wallahi har da masu gyaɗa kai!

Shi Alhaji bai dasa tasa shinkafar da wuri ba, don haka sai bayan mun gama ta fara nono. Na koma gona kwasar tattakar shinkafa wata la'asar, sai na ji waƙar da na fi so tana tashi daga tsakiyar gonarsa. Ga sifikata a kan sanda, ga Alhaji zaune ƙarƙashin laima yana jan carbi. Ko waƙoƙin bai iya sauyawa ba.

Ya ganni sarai. Bai sunkuyar da kai ba, sai ma ya yafito ni da hannu.

"Yawwa ɗana, zo ka nuna mini yadda ake ƙara mata murya."

Inna ta hore ni kada in yi wa babba gardama. Na shiga taɓon na ƙara masa, kuma wannan ne ban yafe wa kaina ba har yau.