Malamin da Ya Zaɓi Lamba Sifili

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan jiya, Allah Ya yi wa abokin aikina rasuwa bayan gajeriyar jinya. Yara na kiransa Malam Sifili. Masu jin sunan kan ɗauka ko yana yawan ba ɗalibai sifili ne a jarrabawa. Ba haka ba ne.

Malam, ni da kai muke koya wa yara rubuta umarnin kwamfuta a ɗakin da ke bayan shagonka na gyaran waya, mai fanka ɗaya da benci biyu. Wasan da suka fi so shi ne yaƙin mutum-mutumi. Kowa ya rubuta wa nasa umarni, a sake su a kan allo ƙungiya-ƙungiya. Da yake duk kamarsu ɗaya, da lamba suke gane juna: kowanne sai ya duba lambar wanda ya hango kafin ya yi harbi.

Ba zan manta da Auta ba, yarinyar nan mai shiru-shiru. Duk sa'ad da aka fara wasa, 'yan ƙungiyarta ne ke fara tarwatsa mutum-mutuminta. Rannan ta rataya jakarta, ido cike da ƙwalla, ta ce, "Malam, in ba sa so na, ai sai su faɗa."

Ka ce, "Zauna, 'yata. Mu tambayi kwamfuta, ita ba ta iya munafunci ba."

Ashe yaran daga ɗaya suke fara ƙirga 'yan'uwansu, alhali kwamfuta daga sifili take farawa. Lambar Auta ce sifili, shi ya sa aka ƙirga babu ita, ana ɗaukar nata a matsayin abokin gaba. Ba ka yi wa kowa faɗa ba, sai ka karɓi lambar. Tun daga ranar, a kowane sabon aji naka ne sifili, don ka san sababbi ma za su yi wannan tuntuɓe, kuma gara harbin ya sauka a kanka. Suna ragargaza shi kana dariya: "Haba jama'a, ko sallama babu?" Ba ka faɗa musu dalili, sai sun gano da kansu.

Makon jiya muka buɗe sabon aji. Auta, wadda yanzu take karatun injiniya, ta zo ta ce a ba ta lambarka ta sifili. Tun kafin nata ya motsa aka harbe shi. Ta yi dariya, sannan ta kifa kai a kan tebur.

Mun gode, Malam. Ku kuma masu koyon wasan, ku buɗe umarninku yau ku duba daga ina ƙirgarku ta fara, da wanda kuka bari a waje.

Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa da 'ya'yansa da mahaifiyarsa, Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙan ka, Malam, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ranar da za a ƙirga bayinSa na gari, a ƙirga da kai.