Tsoho Mai Karyayyar Lema

Abubuwa da dama na ɗauka ba za su taɓa fita daga raina ba, sai ga shi yau ko kamanninsu ba na iya kawowa. Amma ƙaryar da na yi wa Baffana a kan wani tsoho da bai taɓa taka ƙasar duniyar nan ba, ita kam ba na jin zan manta da ita har in koma ga Allah.

Shekarar da na gama bautar ƙasa ce. Na dawo Dutse da kwalin digiri a cikin leda, ina ta aika takardun neman aiki, ina ta duba waya ko an amsa. Baffa, ƙanin mahaifina, shi ya riƙe zauren karatun gidanmu tun bayan rasuwar Baba. A lokacin yanar ido ta rufe masa idanu biyu, ya daina iya duba littafi, manyan ɗalibansa kuma suka koma gaban wani malamin. Bayan la'asar nakan shimfiɗa masa tabarma a gindin dabinon bayan gida, inda ake hango duwatsu sun yi kore saboda damina. Shi ba ya ganinsu. Yakan ce duniya ta zame masa kamar nonon da aka sirka da ruwa, mutane na iyo a ciki.

Ni kuwa sai in raɓe gefe da wayata. Tun ina sakandare nake bin wani labarin zane na ƙasar Japan, irin wanda ake kira manga, da yake fitowa babi guda duk mako. Labarin wani yaro ne mai haƙar rijiya, da ya fita neman waɗanda suka sace ruwan saman ƙasarsu, yana faɗa da su gari bayan gari. Malaminsa wani tsoho ne mai yawo da karyayyar lema, ko rana ko ruwa.

Wata rana Baffa ya ce, "Kai mai digiri, me kake karantawa ne kake ta ajiyar zuciya kamar an ƙi ka?"

Kunya ta kama ni. Na ce, "Baffa, ba karatu ba ne, wata tatsuniya ce ta faɗa."

"To ni da nake zaune kamar buhun gero, me zai hana a yi min tatsuniyar? Faro daga farko."

Haka muka faro, babi huɗu ko biyar kowace yamma. Ina duba Turancin ina juya masa da Hausa, ina siffanta masa zanen. Ba wai ina kwatanta wannan da littattafan zaure ba ne, Allah ya tsare, amma a gidanmu akwai ƙa'ida ga duk mai karanta wa wani abu: ka ja baƙi, wato rubutun da ke kan shafi, yadda yake, ka fassara yadda yake, in kana da ta cewa sai ka dakata ka ce, "Wannan nawa ne." Da ita aka tashe mu. Da farko na kiyaye ta har a kan tatsuniyar.

Baffa ya shiga labarin fiye da yadda na zata. Yakan ce, "Wannan yaron naku sai an fasa masa kai yake tuna abin da aka koya masa. Na san irinsa, na yi su da yawa." Mai lema kuwa ya zama mutuminsa. Ranar da muka iso inda tsohon ya tare gada shi kaɗai don ɗalibansa su tsallake, gadar ta rufta da shi cikin kogi, Baffa ya cire hularsa ya yi salati, sannan ya yi wa kansa dariya. Can ya ce, "An ga gawarsa?"

Na ce ba a gani ba.

"To wanda ba a yi wa sutura ba, kar ka cika baki a kansa."

Ni kuwa na san abin da ke gaba. Can da nisa akwai wani zango na labarin da aka dawo da tsohon. Wai kogin ya kai shi wani gari a ƙarƙashin ruwa inda lokaci ba ya tafiya, fitilu na lilo a cikin ciyayi, mutanen garin ba sa tsufa. Yaron ya nutsa ya same shi zaune yana gyaran lemarsa. A ganina, kuma mai yiwuwa na yi tsanani, wannan ne zango mafi rauni a duk labarin. An ja faɗa guda ɗaya har mutum ya manta dalilinsa. Mugun da ke cikin garin ya fi yin jawabi a kan yin mugunta. Ƙarfi yana zuwa wa yaron daga inda ba a shuka shi ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne an mayar da mutuwar gada wasan yara. Mun yi kuka, sannan aka ce mana mu dawo da hawayenmu.

Don haka da muka iso wurin, sai na tsallake shi gaba ɗaya. Na gaya wa kaina gyara nake yi, ina kare wa Baffa mutuncin mutumin nasa. Amma tsohon ya ci gaba da fitowa a babobin da suka biyo, dole na riƙa ɗauke maganarsa ina sa wa wata mata mai tuƙa jirgin ruwa a baki. Kullum sai na riga na duba babin da safe ina tsara yadda zan ɓoye shi. Kuma kusan duk mako Baffa zai juyo da fararen idanun nan wajena ya ce, "Ba labarin mai lema?" Ni kuma in ce, "Babu, Baffa." A hankali ya daina tambaya. Na ji daɗi a ranar. Yanzu in na tuna wannan jin daɗin, shi ya fi komai ba ni kunya.

Ƙarshen damina aka yi masa aikin ido ɗaya a asibiti, Allah kuma ya sa aka dace. Bayan mako guda muka koma gindin dabino, yana sanye da baƙin gilashi. Ya daɗe yana kallon duwatsu. Hasken yamma ya kwanta a kansu, balbelu na wucewa ƙasa-ƙasa, komai kamar yanzu aka wanke shi. Sai ya miƙo hannu ya ce, "Kawo wayar nan in ga mutanena."

Ban kawo wannan a lissafina ba. Na yi niyyar buɗe masa babin farko, amma kafin in taɓa komai wayar ta buɗe inda muka tsaya, shi kuma ya riga ya karɓa. Na fara cewa, "Baffa, su daga dama ake fara..."

"Ni za ka koya wa fara shafi daga dama?"

Ya lashi yatsa kamar zai buɗe takarda, ya ja shafin. Turancin bai dame shi ba, zanen yake bi, gida bayan gida, ba tuntuɓe. Ya gane yaron, ya ce ashe siriri ne haka. Ya gane mai jirgi. Sannan yatsan ya tsaya.

"Wannan lemar ta waye?"

Tsohon ne a tsaye a bakin jirgi, baki buɗe yana magana, lemar ta karye ta gefe guda kamar yadda na siffanta masa ba sau ɗaya ba.

Ban san lokacin da na fara zuba ba. Na gaya masa garin ƙarƙashin ruwa, na jero masa duk laifukan zangon, ɗaya bayan ɗaya, kamar ina kare kundin digirina. Ya bar ni har na ƙare. Sannan ya ce, "Duk wannan sharhi ne, kuma ba laifi. Ina baƙin?"

Kafin in buɗe baki ya ci gaba:

"Sau nawa na tambaye ka, ɗana? Ido ne ba ni da shi, na ari naka. Sai ka zaɓa min abin da zan gani."

Ya cire gilashin ya kalle ni da idon nan guda, jajir. Ina jin wannan ne karon farko da ya ga fuskata sosai tun da na zama mutum. Ya ce, "Kamar Yaya, mahaifinka, ya yi kaki ya tofar." Ya ɗan numfasa. "Kana makaranta aka binne shi. Ka iso an riga an dawo daga maƙabarta. Ko ba haka ba?"

Haka ne. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma shekaru ina mafarkin Baba yana tahowa daga tasha da jakarsa, yana cewa tafiya ce kawai ta yi tsawo. In farka in ji haushin kaina, in yi istigfari.

Baffa ya ce, "Ni na wanke shi da hannuna, ni na karɓe shi a rami. Ba zai dawo ba. Na gani, kai ba ka gani ba, shi ya sa nake gaya maka yadda yake." Ya miƙo min wayar. "Mu namu ba sa dawowa. To na takardar ma sai ka hana su?"

Washegari muka koma baya, muka shiga garin ƙarƙashin ruwa. Ya riƙe wayar, ni ina fassara, ban rage ko kalma ba. Da yaron ya sami tsohon yana gyaran lema, sai na tsaya a tsakiyar jimla, Baffa ya jira ni. Mun ɗauki kwanaki kafin mu fito daga zangon. Da muka gama ya ɗaga yatsa ya ce, "Wannan nawa ne: gaskiyarka, mugun nan ya cika surutu, da an yanke rabi. Amma na ji daɗin ganin mutumina."

Har yau ban canza ra'ayi ba, ina ganin zangon bai yi kyau ba, ko da yake yanzu ba na iya rantsewa nawa ne laifin mai zanen, nawa ne ciwon da na shigo da shi. Abin da na tabbatar kawai shi ne, duk wanda ya ari idonka amana ya ba ka. Ka nuna masa abin da ke kan shafin, ko da ba ka son sa. In ka gama, sai ka ce, "Wannan nawa ne."