Huɗar Garba a Miƙe Take

Wata biyar ban ce uffan a shafin nan ba. Yau ga sanarwa ta musamman ga 'yan uwa da abokan arziki: huɗar gonata ta hanyar Kirikasamma a miƙe take.

Farkon damina na tsaya bakin gona, na ga layukan sun karkace kamar tafiyar maciji. Na tsare Garba, mai garmar shanun da ya daɗe yana yi mana huɗa.

"Garba, kai ka yi gyangyaɗi ko shanun?"

Ya ce, "Malam, ko zare ka ja ba ka samun lanƙwasa."

Na sallame shi, har da hujjoji irin na mai karatu.

Sai layin littafi ya fara lanƙwashewa. Sai bakin ƙofa. Su kam ba Garba ya yi huɗarsu ba.

Tsoro ya kama ni. Kakana a Haɗejan nan ya makance zamanin Turawa. Aka ce tsufa ne, aka ba shi kwalli da haƙuri.

Maiɗakina Hajara ta ce, "Malam, ciwon sukarin nan ne da ka raina. Tashi mu tafi Kano."

A asibiti aka ɗiga mini magani, komai ya koma dishi-dishi. Na ɗora haɓa a kan na'ura, aka ce in kalli ɗigon haske, kar in ƙifta. Ba wuƙa, ba jini. Sai ga hoton cikin idona a allo.

Likita ta nuna. "Ruwa ne ya taru a nan. Da ka ƙara jinkiri, da karatu ya gagare ka."

"Zai warke?"

"Za mu gwada."

Duk karatuna bai tsinana mini komai a kujerar nan ba.

Maganin kam allura ce a ido, sau uku. Hajara ke tsallakar da ni titi. Masarar bara duk ta tafi a kuɗin magani.

Alhamdu lillahi, idon dama ya dawo. Na hagu akwai ɗan duhu a tsakiya, wataƙila mun zauna ke nan. Allah Ya saka wa likitoci da Hajara da duk mai addu'a.

Ku rufe ido ɗaya ku kalli bakin ƙofa, sannan ɗayan. In ya lanƙwashe, ku nufi asibiti. Masu sukari, ku je hoton ido ko ba ku ga komai ba.

Jiya na je gidan Garba neman afuwa. Ya ce, "Malam, shanun za ka ba haƙuri."

Na leƙa turke na ba su. Su ke da gaskiya, ni na yi kuskure.