Shaidun da Mama Ta Tara Mini

A shekarun matsin tattalin arziki da kowa a Yawunde ke kira lakris, ina sayar da abinci a ƙofar gidanmu a Brik, unguwar da ake rubutawa Briqueterie a takarda. Da safe makala da wake da kunu, da rana shinkafa da miyar gyaɗa. Makala dai fanke ne, sunansa kawai ya canja da ya gangaro kudu. A unguwar aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, kakana ne fataucin goro ya kawo shi daga ƙasar Kano, ya ga wuri ya zauna. Lungunmu in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace, in kuwa aka yi ruwa jar laka ta bi ka har kan tabarma. Duk da haka ban taɓa zama inda raina ya kwanta kamar nan ba. Har yau in na ji ƙarar keken ɗinki ta haɗu da ƙanshin tsire, sai kewar lungun nan ta kama ni.

Ɗakin da ke jingine da katangarmu na wata tsohuwa ce Kirista, 'yar ƙabilar Ewondo, wadda duk lungun ke kira Mama. Mijinta direba ne, shi ya kama ɗakin, ya mutu ya bar ta, ita kuwa ta ce ba inda za ta. Sana'arta bobolo, rogon nan da ake jiƙawa a daka a naɗe a ganye a dafa. Hausarta a bakin famfo ta koye ta, wurin faɗan layi, shi ya sa ta fi ƙwarewa a zagi. Lokacin da na yi haihuwar fari uwata ta riga ta rasu, Mama ce ta tsaya a kaina, ta dafa ruwan wanka, ta goya jaririyar ina barci. Tun daga nan ba ta ƙara kirana da sunana ba, sai ma fille, wato 'yata.

A bangon ɗakinta akwai wani hoto da hayaƙi ya dafe. Almasihu ne zaune a kan gajimare, mala'iku na busa ƙaho, kaburbura sun buɗe. Mutanen da ke damansa sanye da farare suna hawa sama, na hagunsa kuwa ana kora su cikin wuta, bakunansu a wage. Mama ta sha yi mini bayani. A wajensu Almasihu ne da kansa zai dawo ya yi wa rayayyu da matattu shari'a, ya ware mutane kamar yadda makiyayi ke ware tumaki da awaki, na dama su shiga rai madawwami, na hagu su tafi inda ba a dawowa. Nakan ce mata mu ma muna da tamu ranar, da mizani da siraɗi da komai. Sai ta kalle ni ta girgiza kai.

Abu ɗaya ne ke cin ran Mama, kuma ba ta ɓoye mini ba: inda zan tsaya a ranar nan. Ta taɓa roƙona in bi ta coci ko sau ɗaya, in bari a zuba mini ruwan baftisma, ta ce ba mai ji ba mai gani. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce, "Haba Mama, so kike maigida ya haɗa mini kayana?" Ita ba ta yi dariya ba, ƙwalla ce ta cika mata ido. Ba ta sake tada zancen ba, ni kuma na ɗauka ta haƙura.

Sai lakris ta sauka. Aka yanke albashin ma'aikata, aka sake yankewa, aka sallami wasu, daga baya kuɗin ƙasar ma aka rage masa daraja. Sabuwar kalma ta shigo bakin kowa, kwamfrese, wato wanda aka matse daga aiki. Maigidana mai surfani ne, manyan ma'aikata ne ke kawo masa ɗinki, sai ga shi yana wuni a shago yana korar ƙuda. Gidan ya dawo kan tukunyata, hannu baka hannu ƙwarya. Masu sayen faranti guda suka koma rabi, masu nama suka ce a zuba romo kawai.

A cikin wannan hali ne wani mutum ya tsaya a gaban teburina wata rana, da kwat da nakatai da jakar ofis. Ya duƙo ya ce a hankali, "Madam, Mama ce ta ce in zo." Na zaci ɗan'uwanta ne, na zuba masa. Ya ci kamar wanda za a ƙwace wa, ya yi godiya da Faransanci mai tsawo, ya tafi. Daga baya na ji an daɗe da sallamarsa, kullum yakan yi shiri ya fito don kada matarsa ta gane. Washegari wata ɗaliba ce daga jami'a. Bayan ta wata mata da goyo, tun daga unguwar Elig-Edzoa ta tako. Kowa da kalmar nan a bakinsa, Mama ce ta ce in zo. To wa zai kori wanda uwarsa ta aiko? Ina zubawa ina ƙunƙuni.

Abin bai tsaya a abinci ba. Mama ta zo ta ce in ba ta tsohuwar rigar maigida, akwai mai bukata. Na ɗauko na miƙa mata, ta noƙe hannu, ta kira mutumin daga bakin lungu, ta ce, "Ke za ki ba shi, da hannunki." Ta ja ni asibiti duba wani tsoho da ban san daga inda ya fito ba. Shi ma kallona yake yana neman inda ya san ni.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na gidan yari. Ta ce in raka ta unguwa, in riƙe mata kwano. Na saka mayafina mai kyau, a zatona barka za mu. Sai ga mu a layin masu ziyara, rana na dukanmu, gandiroba na tona shinkafar da cokali. Da aka fito da wani saurayi mai ƙasumba, Mama ta dungure ni da gwiwar hannu.

Na ce, "Mama, wane ne wannan?"

Ta ce, "Ban sani ba. An ce ba mai zuwa wajensa. Miƙa masa, ki gaishe shi, ki bari ya ga fuskarki sosai."

Da na dawo na ba maigida labari, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in dai tsohuwar nan ce, wata rana sai na tsinci kaina a mutuware ina gaida gawa. Muka yi dariya, amma ni raina ya soma ɓaci. A ganina Mama ta samu saniyar tatsa. Ita ke yin alheri, a yaba mata a cocinsu, tukunyata ke ramewa.

Ranar da abin ya fashe, 'ya'yana sun dawo daga makaranta ba su tarar da komai ba sai ƙanzo. Ina jiƙa musu shi, sai ga sallama, wani dogo da takalmi a hannu, wai Mama ce ta ce ya zo. Na raba ƙanzon na ba shi, don ba shi ya yi mini laifi ba. Sannan na zagaya ɗakin Mama, ludayin ma ban tuna na ajiye ba. Na same ta a kan kujera 'yar tsugunne tana naɗe bobolo.

Na ce, "Mama, yau sai kin gaya mini abin da na yi miki. Duk garin nan ba mai tukunya sai ni? 'Yan cocinku ba sa girki? Jikokinki ƙanzo suka ci!"

Har yau ban ga laifina a faɗan nan ba. Duk uwar da ta ga 'ya'yanta suna lasar cokali za ta faɗi fiye da haka.

Mama ta ajiye ganyen, ta goge hannu a zani. Ta ce, "Zauna, ma fille." Na ƙi. Ta ce to in tsaya, kunne ba ya bukatar kujera.

Ta ce, "Wata Lahadi aka karanta mana yadda shari'ar za ta kasance. Na sha ji, amma ran nan ne kunnena ya buɗe. Sarkin, wato Almasihu, zai gaya wa na dama cewa sun ciyar da shi yana jin yunwa, sun tufatar da shi, sun je wajensa yana ciwo, sun je yana kurkuku. Su kuma za su yi mamaki, su ce ba su taɓa ganinsa ba. Sai ya ce musu ai shi ne a jikin matalautan nan. Kin ji? Ba su san shi ba, ma fille! Ba su san shi ba, kuma ga su a dama!"

Ta ce ta kai maganar wajen katashis, mai koya musu addini, ya ce ta bar fassara abin da ya fi ƙarfinta. Ta kai wajen fada, limamin cocinsu, ya yi shiru, ya ce jinƙan Allah ya wuce inda hankalinsa ya tsaya. Ita dai ta riƙe wannan shirun.

Ta ce, "Kin ƙi ruwa, ban iya tilasta miki ba. Ni ban yi boko ba, amma na taɓa zuwa kotu, na ga wanda ke da shaidu shi ke komawa gida. In aka kira ki ranar nan, ina so mai nakatai ya miƙe, mai goyo ta miƙe, yaron kurkuku ya ce ya san fuskar nan. In na ba su da hannuna, nawa ne. Ni ina da baftisma, ke me kike da shi?"

Duk da haka bakina bai mutu ba, don ni ba a ci na da magana cikin sauƙi. Na ce, "Wato da shinkafata kike saya mini aljannarku?" Ta ce da tana da tata shinkafar da ta ba ni in raba. Sai na faɗi abin da ban taɓa faɗa mata ba. Na ce, "Mama, kin san mu a wajenmu ke ce ke cikin haɗari, ba ni ba?"

Ta ce, "Na sani mana. Lasifikar masallacinku a kan rufina take. Ke tun yaushe kika sani?"

Na ce tun ina yarinya.

Ta riƙe haɓa ta ce, "Ekiye! Tun kina yarinya, kuma kina iya barci?"

Ba da faɗa ta yi tambayar ba, mamaki ne tsagwaronsa a fuskarta. Na tsaya da ludayi a hannu. Ta jawo ganye ta ci gaba da naɗinta, ta ce in tafi da bobolo in kai wa yaran.

Ba wanda ya bar addininsa a cikinmu. Na dai kafa mata sharaɗi, sai 'ya'yana sun ci kafin shaidunta, ta ce ta yarda. Suka ci gaba da zuwa, na ci gaba da zubawa, ƙunƙunin ma ban fasa ba. Ni kuma na soma saka ta a addu'a bayan kowace salla, ina roƙa mata shiriya. Na gaya mata, ta ji daɗi ƙwarai, ta ce yanzu ne na zama 'ya. In na tuna zaman nan na lungu, yadda babu ta haɗa mu a kwano ɗaya, sai in ga kamar mun fi yanzu arziki.

Kafin al'amura su daidaita ciwon ƙafa ya kwantar da ita, danginta suka zo suka ɗauke ta zuwa ƙauye. Ba ta daɗe ba ta rasu. Maigida ya bar ni na bi motar 'yan cocinsu. Na tarar an sa mata farar riga da farin safar hannu, an kwantar da ita a akwati kamar mai shirin tafiya biki. Matan suna waƙa da harshensu, wadda ke kusa da ni ta ce mini suna gaya mata ne ta huta, sai an busa ƙaho su haɗu. Babu mai shakka a cikinsu, har rawa suke yi.

Da aka zo saka ta a rami na ɗaga hannuwana, bakina ya ɗauko addu'ar da muke yi wa namu. Sai na tuna abin da aka koya mana, cewa ba a nema wa wanda ya mutu a wani addini gafara. Shiriyar da na saba roƙa mata kuma lokacinta ya wuce. Na tsaya a cikin jama'a ni kaɗai da mayafi, hannuwa a buɗe, ana zuba ƙasa, hawaye na bin fuskata. Matar da ta bi gari tana tara mini masu tsaya mini, ga ni a kan kabarinta ba ni da kalma ɗaya da aka yarda in faɗa.

Daga ƙarshe na ce, "Ya Allah, Kai ka san ta. In ana neman shaida, ga ni." Na shafa, na koma mota.